Na bar gidan katakon kakanmu bayan shekara 11

Satin da ya wuce na ajiye makullin sito na fito, mutane sai tambayata suke wai ya za a yi mutum ya bar sana'ar gidansu. To bari in faɗa sau ɗaya in huta.

Kakanmu ne ya kafa wajen da zarton hannu irin na mutum biyu, ɗaya a kan gungume ɗaya a cikin rami ƙura na zubo masa a ido. Babanmu ya kawo inji, ya gina rumfar shanya, kuma shi ya koya min jera falanki, a ɗaga shi daga ƙasa, a sa siraran sanduna tsakanin layi da layi a saitin juna don iska ta ratsa, a shafa fenti a bakin kowane katako saboda ta nan ruwa ya fi saurin fita kuma ta nan tsagewa ke farawa. Kullum yana cewa itace mai tauri, duk inci 1 na kauri ka ba shi kamar shekara a inuwa. Da Allah ya yi masa rasuwa sai baffana ya karɓi wajen, ni ina ƙarƙashinsa.

Abin da ya tsaya min a rai har yau, wani kafinta ne da tun zamanin kaka mahaifinsa ke sayayya a wajenmu, ya samu babban aiki na ƙofofi da tebura, mu kuma busasshen kaya ya ƙare, sai wanda aka yanka bai fi wata 2 ba. Na soka mitar danshi, wato na'urar auna ruwan da ke jikin katako, ta nuna kashi 26 cikin ɗari. Duk wanda ke harkar nan ya san katako ba ya fara tsukewa sai ruwan jikinsa ya sauko ƙasa da wajen kashi 30, kenan wannan yanzu ma ya fara, kayan ɗaki kuwa ana so ya sauka wajen 12 ko ƙasa da haka. Na ce Baffa wannan fa bai yi ba. Ya ce kai yaro, mitarka ta fi idona ne? Loda masa. Na loda.

Lokacin da muke ɗaure kayan kafintan ya dafa kafaɗata ya ce, ɗan'uwa ya bushe dai ko? Wallahi na gyaɗa masa kai. Nan ne laifina yake, ba wanda ya sa ni, baffa ma ba ya wajen a lokacin.

Ba a yi wata 3 ba ƙofofin suka lanƙwashe, haɗin teburan ya buɗe har ana hango ƙasa ta tsakani, don katako ta faɗi yake tsukewa ba ta tsawo ba, duk bushewar da ya kamata ya yi a rumfarmu sai ya je ya yi ta a cikin aikin bawan Allah. Ya zo ransa a ɓace, a gabansa baffa ya nuna ni ya ce yaron nan ne ya ɗebo daga layin da ba shi ba. Aka cire asarar daga kuɗina. Da maganar ta je gida aka ce in yi haƙuri ai babba ne, ba wanda ya tambaye ni me mita ta nuna. Na yi haƙurin, shekara 4 ina yi, amma ban manta ba, kuma har na tafi bai taɓa kirana gefe ya ce komai a kai ba.

Daga baya na je na samu kafintan da ƙafata na gaya masa na sani na yi shiru. Bai ce ya yafe ba a ranar, amma bayan kusan shekara ya dawo, kuma ni kaɗai yake yarda in zaɓar masa kaya.

In kana aiki a wajen 'yan'uwa, a fayyace albashinka da iyakar ikonka a rubuce tun ranar farko, kar ka ji kunya, ni kunyar ce ta cuce ni. Bashi ko na ɗan'uwa ne a sa shi a littafi. Zarto in ya dakushe a tsaya a wasa shi, kuma kar ka bari a cire murfin kariya na inji don sauri.

Tun daga abin nan duk layin da na jera sai na rubuta ranar yanka a jikinsa da alli, kuma ba wanda ya sake dawo mana da kaya kan danshi. Akwai layi 3 a bayan rumfa da na bari, sai nan da wata 7 za su isa. Mitar da kuɗina na saye ta, amma na bar wa yaron da ke lodi, na nuna masa yadda ake soka ta a tsakiyar falanki ba a baki ba.