Minti arba'in da biyar a gidan zane mai ɗaki uku

Lissafin da na yi kafin in tafi lissafi ne da kowa zai amince da shi idan ya gan shi a takarda. Gidan baje kolin zane-zanen ƙarami ne, ɗakunansa uku kacal, kuma sanarwar da suka fitar ta ce ayyuka talatin ne a ciki. Na taɓa karanta binciken da Jeffrey Smith da Lisa Smith suka yi a gidan tarihi na Metropolitan da ke New York, wanda aka wallafa a 2001, inda aka riƙa auna tsawon tsayuwar mutane a gaban shahararrun zane-zane, aka tarar matsakaicinta daƙiƙa 27 ne da 'yan kai. Da aka maimaita binciken a Chicago, aka wallafa a 2017, adadin bai cika daƙiƙa 29 ba. Sai na ce ni zan fi waɗannan mutane haƙuri, zan ba kowane aiki minti guda, in ƙara minti goma sha biyar na shiga da fita. Wani abokin aikina da ya riga ni zuwa ya ce ma na cika yawa, domin shi rabin sa'a ya ishe shi. A kan wannan lissafi na yanki tikitin jirgin ƙasa na komawa, irin wanda ba a sauya masa lokaci.

Ɗaki na farko da na biyu ba su ba ni wata matsala ba. Zane-zanen gawayi ne da na fenti, yawancinsu na hannuwa da fuskokin masunta, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina duba agogo ina jin daɗin yadda tsarina ke tafiya daidai. Ɗaki na uku yana bayan wani baƙin labule mai kauri, kuma aiki ɗaya ne tak a cikinsa: bidiyo mai tsawon kusan minti arba'in. A jerin da suka buga, layi guda aka ba shi, daidai da wani ɗan zanen da bai wuce tafin hannu ba. Ma'aikaciyar da ke bakin labulen ta shaida mini cewa a farkon kowace sa'a ake kunna shi, kuma mai zanen ta fi so a kalle shi daga farko. Lokacin da na shiga ya riga ya yi nisa, ni kuwa abin da ya rage mini bai kai minti goma sha biyar ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne 'yan mintocin da na zauna sun isa in fahimci cewa bidiyon ne ginshiƙin baje kolin gaba ɗaya. Mutanen da na gani a zane su ne ke magana a cikinsa, hannuwan da na wuce ina ƙirga daƙiƙa su ne ke ɗinkin koma a kan allon, kuma kowane zane wani ɓangare ne na labarin da ake bayarwa a cikin duhun nan. Na so in koma ɗakin farko in sake duban fuskokin da sabon ido, na kuma so in zauna in ji ƙarshen zancen wani dattijo da ya fara ba da labarin yadda ruwa ya cinye masa ɗa. Ban samu ko ɗaya ba. Na tashi yana tsakiyar magana. Kafin in sake samun sukunin zuwa, an sauke baje kolin an rataye wani, domin ƙananan gidaje irin wannan ba su cika barin aiki ya wuce 'yan makonni ba.

Da na koma na tambayi abokin aikin nan yadda ya ga bidiyon, sai ya ce wane bidiyo? Ashe ya ɗauka labulen ƙofar ɗakin ajiya ce. Daga nan rabin sa'arsa ta fito, ni kuma a kanta na ɗora tikitina.

Alƙaluman nan na daƙiƙa 27 gaskiya ne, amma a manyan gidaje aka samo su, inda mutum ke da dubban ayyuka a gabansa, yana tafiya yana tunanin abin da bai kai gare shi ba tukuna. Tun a 1916 Benjamin Ives Gilman na gidan tarihin zane na Boston ya yi rubutu a kan gajiyar da ke kama masu ziyara, har ya haɗa da hotunan mutum yana durƙuso yana miƙa wuya don ya ga abin da aka ajiye. A ƙaramin gida wannan gajiya ba ta saurin zuwa, babu cunkoson da ke tura mutum gaba, babu kuma abin da zai ce zai tsallake, saboda haka tsayuwar da yake yi a gaban kowane aiki tana iya zarce wadda zai yi a babban gida. Yawan ayyukan ma ba ma'auni ba ne. A gidan Orangerie da ke Paris, zanen furannin ruwa na Claude Monet, wanda aka buɗe wa jama'a a 1927, manyan alluna takwas ne a ɗakuna biyu, amma idan aka jera su tsawonsu ya kai kimanin mita 90. Wanda ya ware musu minti takwas bisa irin lissafina bai ga komai ba.

Akwai masu kai abin can ƙarshe. Jennifer Roberts, malamar tarihin zane a jami'ar Harvard, takan sa ɗalibanta su zauna sa'a uku a gaban zane guda kafin su rubuta komai a kansa. Wannan horo ne na ɗalibi, ban kuma ga dalilin da zai sa mai ziyara ya ɗora wa kansa shi ba. Abin da na ɗauka daga gare ta bai wuce cewa wasu abubuwa a jikin zane ba sa bayyana sai ido ya daɗe a kai, kuma babu yadda za a yi mutum ya san tun daga gida wane zane ne zai riƙe shi.

Yanzu kafin in je irin wannan wuri nakan kira ko in aika saƙo da tambaya ɗaya: akwai aikin bidiyo ko na sauti, kuma minti nawa ne? Amsar ba ta ɗaukar su komai, kuma da na yi ta a wancan karo da ban rasa dattijon nan ba. Nakan kuma tambayi lokacin da ake daina shigar da mutane, domin a wurare da yawa yakan riga lokacin rufewa da rabin sa'a ko fiye, kuma ma'aikata kan fara sallamar mutane daga ɗakuna tun kafin lokacin ya cika. Idan na shiga, ba na tsayawa a gaban komai sai na zagaye gidan cikin minti biyar har ɗakin ƙarshe, in leƙa bayan kowane labule, in karanta tsawon kowane bidiyo a ɗan allon bayaninsa. Daga nan ne nake raba lokacina: ayyuka huɗu ko biyar da suka ja ni su sami kaso mafi tsoka, sauran in gaishe su in wuce, sannan in bar kamar minti ashirin na zagaye na biyu, wanda a wurina ya fi na farko amfani.

Ga gida mai ɗaki biyu zuwa huɗu, sa'a ɗaya da rabi nake warewa, in ƙara tsawon bidiyon a kai idan akwai, kuma ba na ɗaura wani alkawari mai tsayayyen lokaci a bayansa. Idan na gama da wuri ban yi asarar komai ba. Duk da haka ina ganin su ma masu shirya baje koli suna da nasu alhakin, domin rubuta "minti 38, ana farawa a kan kowace sa'a" a jikin sanarwa bai fi rabin layi ba, kuma shi kaɗai zai sa mai zuwa ya yanki tikitin jirgin da ke biye.