Dashen Fiya a Ƙasar Zafi: Batun Saiwa da Ruwan Marka

Shekara tara ke nan da na dasa fiya shida a wata 'yar gona da na gada a wajen garin Kafanchan, kuma kafin damina ta biyu ta ɗauke, huɗu daga cikinsu sun bushe a tsaye. Na yi musu duk abin da na saba yi wa mangwaro da lemo: na haƙa ramuka masu zurfi har ƙugu, na cika su da takin shanu, na zaɓi gefen gonar da ya gangara wajen fadama domin a ganina can ne danshi zai daɗe, sa'an nan na yi wa kowane dashe ɗan gurbi a gindi don ya tare ruwa. Da ruwan marka ya kankama a watan Agusta, sai ganyen ya fara kodewa yana langaɓewa kamar na itacen da ƙishi ya kama. Da rani ya shigo na dage da ban-ruwa safe da yamma, ina zaton ƙarancin ruwa ne ke damunsu, alhali kuwa ruwan ne ya riga ya kashe su daga ƙasa.

Wani dattijo maƙwabcin gonarmu, wanda ya daɗe yana rainon itatuwan marmari, shi ne ya gane matsalar. Ya kama ɗaya daga cikin matattun da hannu ɗaya ya tumɓuke shi ba tare da wani yunƙuri ba, ya karkaɗe ƙasar, ya miƙo mini gindin. Ƙananan saiwoyin duk sun yi baƙi, suna marmashewa tsakanin yatsu, ga wani wari irin na ruɓaɓɓen rogo. Sai ya ja ni wajen wata tsohuwar fiya a bakin gonarsa, ya yaye busasshen ganyen da ya taru a ƙarƙashinta, nan take saiwoyi farare ƙal suka bayyana a saman ƙasa, wasu ma sun kutsa cikin ruɓaɓɓen ganyen. Ya ce mini, "Ɗana, ka ga inda take cin abincinta. Kai kuwa rijiya ka gina mata, ka jefa ta ciki." Na ce, "Baba, ai haka muke yi wa mangwaro." Ya ce mangwaro daban, fiya daban.

Abin da na fahimta daga baya shi ne, mafi yawan saiwoyin da fiya ke shan ruwa da abinci da su ba sa nutsewa can ƙasa; suna shimfiɗe ne a kusa da sama, cikin kimanin taƙi ɗaya zuwa biyu. Ba su da irin siraran gashin nan da ke jikin saiwar yawancin tsirrai, saboda haka ba su iya jure ƙishi ba, kuma ba su iya jure rashin iska ba. Idan ruwa ya kwanta a gindin bishiyar kwana biyu ko uku, saiwoyin sai su shaƙe. A cikin irin wannan jiƙaƙƙiyar ƙasa ce kuma wata ƙwayar cuta da masana ke kira Phytophthora cinnamomi take yaɗuwa, domin 'ya'yanta iyo suke yi a cikin ruwan da ke tsakanin ƙasa har su kai ga saiwa. Ita ce babbar abokiyar gabar fiya a duk inda ake nomanta a duniya. Ko bishiyar asali ta irin fiyar da ake kira Hass, wadda wani ma'aikacin gidan waya mai suna Rudolph Hass ya raina a La Habra Heights ta jihar Kalifoniya a Amurka, ya kuma yi mata rajista a 1935, ruɓewar saiwa ce ta kashe ta har aka sare ta a 2002, bayan an yi shekaru ana ƙoƙarin ceto ta. Idan cutar ta fi ƙarfin masu kula da wannan bishiya mai daraja, to mai gona a ƙasar da ake kwana ana tafka ruwa a watan Agusta ya kamata ya sa rigakafi a gaba da kome.

Rigakafin kuwa ba shi da tsada. Da na sake dashe, sai na bar gangaren na koma tudu, na fara gwada ƙasar ta hanyar haƙa ɗan rami in cika shi da ruwa da yamma; inda na tarar da ruwan a kwance washegari da safe, na tsallake wurin. Inda ruwan ya tsotse, sai na tara ƙasar sama na yi tuli irin na doya, amma mai faɗi, tsayinsa kamar zuwa gwiwa, na dasa fiyar a ƙoli yadda wuyan dashen bai nutse fiye da yadda yake a cikin ledarsa ba. Na bar tazarar mita bakwai zuwa takwas tsakanin kowace da 'yar'uwarta, domin bishiya ce mai buɗewa idan ta girma. Ban zuba taki a cikin ramin ba sam. Na bari sai da dashen ya kama, sa'an nan na riƙa barbaza ruɓaɓɓen taki a sama, nesa da jikin itacen. Ɗanyen kashin kaji da takin zamani mai yawa a lokaci ɗaya suna ƙona saiwar fiya, domin ba ta jure gishiri, kuma alamar hakan ita ce bakin ganyen ya riƙa bushewa kamar an babbaka shi.

Akwai wata ɗabi'a tamu da nake ganin tana cutar da wannan bishiya ƙwarai, wato share ƙarƙashin itace tas a ƙone ganyen, ko a sa fartanya a nome gindinsa don a nuna ana kula da shi. Duk saran fartanya a ƙarƙashin fiya yankan saiwa ne. Ni yanzu ba na taɓa ganyen da ya zuba, har ƙara masa nake yi da busasshiyar ciyawa da ƙaiƙayi, sai dai ina barin kimanin taƙi ɗaya tsakanin wannan shimfiɗa da jikin itacen saboda gara da ruɓewar ɓawo. Shimfiɗar tana sanyaya ƙasa da rana, tana riƙe danshi da rani, kuma idan ta ruɓe ita ce abincin bishiyar. Ciyawar da ta ɓullo kuwa da hannu nake cire ta.

Sai batun iri, wanda a nan ne mutane da yawa ke asarar shekarunsu. Asalin fiya daga Meziko da Amurka ta Tsakiya take, kuma masana sun kasa ta gida uku. Akwai dangin Meziko da dangin Gwatamala, waɗanda suka fito daga ƙasashen tsaunuka masu sanyi, akwai kuma dangin da ake danganta wa Yammacin Indis, wato tsibiran Karibiyan, wanda ya saba da zafi da damshin ƙasashen da ba su da tudu. Manyan fiya masu santsin koren ɓawo da muka saba gani a kasuwanninmu sun fi kama da wannan dangi na uku. Sun fi ruwa-ruwa, maiƙonsu bai kai na Hass ba, amma su ne suke jure zafinmu. Ita Hass, mai ɓawo gurza-gurza da ke yin duhu idan ta nuna, ita ce kasuwar duniya ke nema, kuma ita ce ta ɗaukaka jihar Michoacán ta Meziko da yankin Murang'a na Kenya, amma duk waɗannan wurare ne masu tudu da sanyin dare. A Nijeriya irin wannan yanayi yana kan tsaunin Jos, wanda ya kai kimanin mita 1,200, da tsaunin Mambila wajen Gembu, wanda ya ɗara haka. Wanda gonarsa ke ƙasar kwari mai zafi bai kamata ya biye wa sunan Hass ya zuba kuɗinsa ba tare da ya fara gwada 'yan kaɗan ba. Shawarata ita ce ya nemi bishiyar da ta daɗe tana haihuwa mai kyau a yankinsa, ya ɗebi reshenta a yi masa aure da shi, wato a ɗora reshen a kan karan wata ƙaramar fiya har su haɗe.

Auren nan shi ne ginshiƙi. Fiyar da aka shuka daga ƙwallo takan ɗauki shekara biyar zuwa goma, wani lokaci ma fiye, kafin ta fara 'ya'ya, kuma babu tabbacin za ta gaji uwarta. Mutum zai iya shan fiya mai daɗi, ya shuka ƙwallonta, ya jira shekara takwas, sa'an nan ya sami 'ya'ya masu zare da babban ƙwallo da ɗan nama kaɗan. 'Yar aure kuwa takan fara cikin shekara uku zuwa huɗu, kuma irin 'ya'yan bishiyar da aka yanko reshenta za ta bayar. Mai sayen dashe ya duba tabon auren da idonsa a jikin karan, kada ya dogara da maganar baki, kuma duk tohon da ya fito daga ƙasan tabon ya karye shi da wuri, in ba haka ba zai rinjayi reshen da aka ɗora.

Da zarar ruwa ya ɗauke, matsalar sai ta juya. Ɓawon ƙaramar fiya kore ne siriri, rana tana ƙona shi har ya tsage, musamman gefen da ke fuskantar yamma. Nakan shafa wa karan farar ƙasa da aka dama da ruwa, in kewaye dashen da zana ko karan dawa a shekara biyun farko, wanda ke zama inuwa, ya kare iskar hunturu, ya kuma hana awaki. Batun awakin yana da muhimmanci ta fuska biyu, domin ba bishiyar kaɗai ake karewa ba: ganyen fiya yana ɗauke da wani sinadari mai suna fasin da ke cutar da dabbobi, yana kumbura hantsar akuya da saniya mai shayarwa, kuma yana da haɗari ga doki da tsuntsaye. Saboda haka kada a sassabe reshen fiya a zuba wa dabbobi kamar yadda ake yi da ganyen gawo. Ban-ruwan rani kuma ya zama a kai a kai ba tare da an malale wurin ba. Nakan tura yatsa cikin ƙasar da ke ƙarƙashin shimfiɗa, in na ji sanyin danshi sai in bari sai gobe.

A gonata furen yana fitowa ne da rani, daidai lokacin da busasshiyar iska ke kaɗawa, kuma wannan ne lokacin da ƙishi ya fi yi wa bishiyar illa, domin furen da 'yan ƙananan 'ya'yan sai su yi ta zubewa. Wani zubewar dai dole ne, tun da bishiya ɗaya tana fitar da fure dubbai barkatai amma kaɗan ƙwarai ne ke zama 'ya'ya. Furen fiya yana da wata halitta mai ban mamaki da na daɗe ina tsayawa kallo. Kowane fure sau biyu yake buɗewa: karon farko a matsayin mace, sa'an nan ya rufe, washegari ya sake buɗewa a matsayin namiji. A wasu iri, irin su Hass, macen da safe take buɗewa, namijin kuma da yammacin washegari. A wasu kuwa, irin su Fuerte, macen da yamma take buɗewa, namijin da safiyar washegari. Idan aka haɗa iri biyun a gona ɗaya, ƙudan zuma suna samun namiji da mace a buɗe a lokaci guda, sai haihuwar ta ƙaru. Don haka ne na daina fesa kowane irin maganin ƙwari a lokacin fure, na kuma rataye amya ɗaya a kan ɗorawar da ke kan iyakar gonar.

Biyun da suka tsira daga dashen farko suna nan har yanzu, domin su ne suka faɗa a kan ɗan tudu, kuma tare da waɗanda na dasa daga baya suna ba mu 'ya'ya kowace shekara, ko da yake wata shekarar sukan cika, wata kuma su rage. Fiya ba ta nuna a kan bishiya. Sai an tsinke ta take laushi, kuma idan aka tsinke ta kafin ta ƙosa sai ta yamushe ta zama kamar roba, ba ta da ɗanɗano. Yadda dattijon nan ya koya mini shi ne in ciro manya biyu ko uku in ajiye a ɗaki. Idan suka yi laushi sumul cikin mako guda zuwa kwana goma ba tare da sun yamushe ba, to sauran ma sun isa girbi. Ba na jijjiga reshe ko bugun 'ya'yan da sanda, domin wurin da ya bugu shi ke fara baƙi. Da almakashi nake yanke kowace ɗaya, in bar mata ɗan guntun hanci a kai don kada ruɓewa ta shiga ta nan, in jera su a kwando a inuwa, sauran kuma in bar su a sama sai wani makon.