Brahmacariya: Zaman Kamewa a Gidan Malami

A addinin Hindu an kasa rayuwar namiji gida huɗu: ɗalibta, zaman aure, ja da baya zuwa daji, sai barin duniya ɗungurungum. Na farkon shi ake kira brahmacariya, kuma a kansa ake ɗora duk ibadar da mutum zai yi daga baya.

Ƙofar shiga ita ce bikin upanayana. Tsoffin dokoki sun ajiye shekara 8 ga ɗan Brahmin, wato ajin malaman addini, 11 ga ɗan mayaƙa, 12 ga ɗan 'yan kasuwa. 'Ya'yan Shudra, wato ajin masu hidima, kuwa ba sa cikin lissafin, wannan shi ne babban tabon tsarin. Ana rataya wa yaro zare mai igiya uku, daga kafaɗar hagu ya sauko ƙarƙashin hannun dama, a ɗaura masa ɗamarar ciyawa, a miƙa masa sanda, sannan uba ko malami ya raɗa masa addu'ar Gayatri mai gaɓa 24 a kunne.

Daga wannan rana aikinsa ya kankama. Zai yi wanka ya karanta Gayatri da asuba, da tsakar rana, da faɗuwar rana. Safe da yamma zai zuba ƙirare a wutar ibada. Abinci sai ya yi bara, kuma wajen mahaifiyarsa yake fara roƙo. Abin da ya samo ba ya taɓawa sai ya kai gaban malami ya ba shi izini. Haddar guda daga cikin Veda, tsoffin littattafansu masu tsarki, kan ci shekara 12, baki da baki.

Mutane kan ɗauka kamewar nisantar mata ce kawai. Ta wuce nan. An hana shi zuma, nama, turare, takalmi, laima, rawa, waƙa da barcin rana. Hujjarsu ita ce ƙarfin jiki taska ɗaya ce, abin da sha'awa ta kwashe ba zai dawo wa hadda ba.

In ya karya alkawari da mace fa? Dokar Manu, tsohon kundin dokokin Hindu, ba ta yi masa da sauƙi ba: ya yi hadaya da jaki mai ido ɗaya a mararrabar hanya da dare, ya yafa fatarsa, ya shekara yana bara a gidaje bakwai yana faɗar laifinsa da bakinsa. Kunyar ce ainihin horon.

Yawancin ɗalibai suna rufe karatu da wankan samawartana su yi aure. 'Yan kaɗan, waɗanda ake ce wa naishtika, suna zama a haka har mutuwa. Abin bautar nan Ayyappa na Sabarimala a jihar Kerala shi ma naishtika ake ɗaukarsa, shi ya sa ko magidanci ne zai ziyarce shi sai ya yi kwana 41 ba ya kusantar iyali, ba nama, ba giya, ba takalmi, yana sanye da baƙaƙen kaya. Da wannan hujja aka hana mata masu shekara 10 zuwa 50 shiga wurin bautarsa, har Kotun Ƙolin Indiya ta soke hanin a 2018.