Digirin Sinanci: Sharuɗɗan Shiga da Karatun da Ke Jiran Ɗalibi

A duk shekara idan lokacin sayen fom ɗin JAMB ya zo, iyaye a nan Abuja sukan tuntuɓe mu malaman sakandare kan fannin da ya dace 'ya'yansu su cike, kuma da wuya zancen ya wuce likitanci da aikin lauya da injiniyanci. Ni kuwa ina ganin lokaci ya yi da za mu saka digirin harshen Sinanci da al'adun Sinawa cikin lissafi, musamman ga yaran da Allah ya hore wa kunnen harshe. Nijeriya da ƙasar Sin sun ƙulla hulɗar jakadanci tun 1971, kuma layin dogon Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 kamfanin CCECC na Sin ne ya shimfiɗa shi. A irin waɗannan wuraren aiki, da yawa daga cikin leburori da direbobi da masu gadi Hausa suke ji, amma tsakaninsu da injiniyan da ke ba da umarni sai guntun Turanci da nuni da hannu.

Jami'o'i biyu ne suka fi suna wajen ba da wannan digiri a ƙasar nan, wato Jami'ar Nnamdi Azikiwe da ke Awka da Jami'ar Legas, kuma kowace tana da Cibiyar Confucius, inda malamai 'yan asalin Sin suke koyarwa. Dukansu a kudu suke, abin da kan sa wasu iyaye ja da baya, amma a ganina nisan gari bai kai ya hana yaro karatun da zai amfane shi ba.

Sharuɗɗan shiga ba su bambanta da na sauran kwasa-kwasan harsuna ba. Ana neman kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci, sannan ɗalibi ya zauna jarrabawar UTME ta JAMB mai darussa huɗu da maki 400, ya kuma wuce tantancewar da jami'ar ke yi da kanta. Shekarun shiga ba sa gaza 16. Darasin adabin Turanci yana yawan fitowa cikin sharuɗɗan tsangayar adabi, don haka tun daga ajin SS1 ya kamata yaro ya ɗauke shi. Haɗin darussan yakan bambanta daga jami'a zuwa jami'a, kuma ba kowace ce ke yarda a haɗa sakamakon zama biyu ba, saboda haka wajibi ne a duba kundin JAMB na wannan shekarar kafin a cike fom. Ba a buƙatar ɗalibi ya zo da Sinanci, domin daga tushe ake farawa.

Shiga ita ce mai sauƙi. Zama ne ke buƙatar juriya. A shekarar farko ana fara da pinyin, tsarin rubuta lafazin Sinanci da haruffan boko wanda ƙasar Sin ta amince da shi a 1958, tare da karin sauti huɗu waɗanda ke sauya ma'anar kalma. A nan Bahaushe yana da rinjayen da bai san yana da shi ba, domin kunnen da ya saba bambance kukan jariri da kukar miya ta hawa da saukar murya kawai ya riga ya san cewa karin sauti ma'ana ce. Inda gumi yake shi ne rubutu. Ɗalibi zai sayi littafi mai gidaje murabba'i, kowane gida an raba shi huɗu da ɗigo-ɗigon layi, ya riƙa zana harafi ɗaya yana maimaitawa har shafi ya cika, kuma dole ya bi jerin zanen yadda aka gada: sama kafin ƙasa, hagu kafin dama. Wanda ya yi karatun allo ba zai ga baƙon abu a wannan ba. Jadawalin da gwamnatin Sin ta fitar a 2013 ya ƙunshi haruffa 8,105, kuma 3,500 daga ciki su ne na amfanin yau da kullum. Ba a haddace irin wannan a daren jarrabawa. Wanda ya yi mako biyu bai taɓa alƙalami ba zai tarar hannunsa ya manta abin da idonsa ke ganewa.

Daga nan sai nahawu da insha'i da sauraro da hira, sannan a shiga tarihi da falsafa da adabi: koyarwar Confucius, malamin falsafar Sin wanda aka haifa a shekara ta 551 kafin haihuwar Annabi Isa, da waƙoƙin zamanin daular Tang, wadda ta yi mulki daga 618 zuwa 907, da kuma tsohon Sinancin da aka rubuta su da shi. Wasu ɗalibai kan ɗauki wannan ɓangare a matsayin ɓata lokaci tunda kasuwanci suka sa a gaba, amma ban yarda da su ba, domin tafintan da bai san yadda Sinawa ke girmama na gaba da kauce wa kunyata mutum a bainar jama'a ba, yana iya fassara kalmomi daidai amma ya ɓata ciniki. A shekarun ƙarshe ake ƙarfafa fassara da Sinancin kasuwanci, a rufe da kundin bincike.

Akwai kuma jarrabawar HSK, ma'aunin da duniya ta sani na ƙwarewa a Sinanci. A tsarin da aka daɗe ana bi, mataki na 1 yana neman kalmomi 150, na 4 kalmomi 1,200, na 6 kuwa 5,000. Mai son yin digirin farko a cikin ƙasar Sin da harshen Sinanci, ko da kuɗinsa ko da tallafin karatu na gwamnatinsu, yawanci akan nemi ya nuna mataki na 4. Ɗalibin Abuja yana iya leƙawa Cibiyar Al'adun Sin da ke cikin birnin ya ɗanɗana darussan farko, ya auna kansa kafin ya ɗaure wa kansa shekara huɗu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne gidan rediyon ƙasar Sin yana watsa shirye-shirye da Hausa tun 1963, kuma ana koyar da Hausa a Jami'ar Koyon Harsunan Waje ta Beijing. Sun daɗe da koyon namu. Tunda a jami'o'inmu fassarar da ake koyarwa tsakanin Sinanci da Turanci take, ina shawartar duk ɗan Hausa da ke son shiga wannan fanni da ya ɗauki darasin Hausa a WAEC ko NECO, ya kuma ware kundin bincikensa ga fassara kai tsaye daga Sinanci zuwa Hausa, ko da takardar bayanin injin ban ruwa ce ko ta maganin feshi da manomanmu ke saye ba tare da sun iya karanta abin da ke jikinsu ba.