Hisabin Lambobi a Kartar Tarot

A 'yan shekarun nan matasanmu da dama a nan Abuja sun fara sha'awar duban da ake yi da kartar tarot, wanda suke gani a TikTok da Instagram, kuma abin da ya fi ɗaukar hankalinsu shi ne lissafin da ke cikinsa. Wata ƙanwata da ke aiki a Wuse ta ce mini: "Yaya, ai wannan ba irin duban bokaye ba ne, lissafi ne tsagwaronsa." Maganar ta dame ni ƙwarai, domin lamba tana da kwarjinin da ke sa mai ilimi ya saki jiki.

Kartar guda 78 ce. Manya 22 suna ɗauke da lambobi daga sifili zuwa 21, ragowar 56 kuma an kasa su gida huɗu, wato sanduna, kofuna, takubba da sulalla. Masu duba suna cewa ɗaya mafari ne, biyar tashin hankali, goma kuma cikar al'amari, sannan sukan tara lambobin ranar haihuwar mutum har su koma ƙwaya ɗaya, su ce masa ga katin rayuwarsa.

To amma daga ina ma'anonin suka fito? An ƙirƙiro tarot a arewacin Italiya a ƙarni na 15 domin wasan karta na masu hannu da shuni, kuma manyan katunan farko ba a rubuta musu lamba ba, jerinsu ma ya sha bamban tsakanin Milan, Ferrara da Bologna. Sai a 1781 Antoine Court de Gébelin, a Faransa, ya yi da'awar cewa sirrin Misirawan dauri ne a ciki, ba tare da hujja ba. A shekarun 1850 wani marubuci Bafaranshe, Éliphas Lévi, ya haɗa manyan katunan 22 da baƙaƙen Ibrananci 22, waɗanda kowanne yake da adadinsa, kamar yadda masu hisabi a wajenmu suke ba harafin alif lamba ɗaya, harafin ba biyu, harafin jim uku. Abin da ake kawo mana a matsayin sabon ilimi ɗan'uwan hisabi ne da bugun ƙasa, kuma hadisin da Muslim ya ruwaito, cewa wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi ba za a karɓi sallarsa ta kwana arba'in ba, bai ware mai duba ta waya ba.

Ko a ajiye hukuncin addini a gefe, lissafin bai tsaya da ƙafarsa ba. A ɗauki wadda aka haifa ranar 14 ga Maris, 1998: idan aka tara 1, 4, 3, 1, 9, 9 da 8 za a samu 35, uku da biyar kuma takwas. A jerin tsohuwar kartar Faransa da ake kira Marseille, kati na takwas shi ne Adalci, amma a kartar da Arthur Waite ya fitar a Landan a 1909, wadda ta fi yaɗuwa a yau, an musanya shi da na goma sha ɗaya, Ƙarfi ya koma na takwas, domin jerin ya dace da burujan taurari na Zaki da Ma'auni. Ke nan katin rayuwar wannan baiwar Allah ya danganta ne da irin kartar da mai duban ya saya. Idan kuma iyayenta da kalandar Hijira suka rubuta ranar haihuwarta, lambobin da za a tara ma wasu ne daban.