Digirin ilimin zamantakewa da abin da yake kawowa aljihu

Wanda ya kammala digirin ilimin zamantakewa a Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello, hanyoyin neman abincinsa sanannu ne: ko aikin gwamnati, inda ake ɗaukar mai digiri a mataki na 8, ko koyarwa, ko kuma aikin ƙungiyoyi masu zaman kansu. Na ukun ne mai maiƙo, domin ko bayan an mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a 2024, albashin ƙaramin ma'aikacin gwamnati ba ya kai mai iyali ƙarshen wata.

Abin da na lura da shi a aikin binciken al'umma shi ne, ƙirƙirarriyar basira ta fara cin aikin ne daga ƙasa, wato daga inda sabon mai digiri yake samun kuɗinsa na farko. A da ana biyan matasa su saurari hirarrakin da aka naɗa, su rubuta su, su mayar da su Turanci, sannan su ware amsoshin gida-gida. Tun bayan fitowar ChatGPT, manhajar ƙirƙirarriyar basira mai rubutu da fassara, a ƙarshen 2022, jami'i ɗaya yana iya haɗa fassara da taƙaitawa da tsara rahoto a wuni guda, kuma mai riƙe da kasafi ba ya ganin dalilin ɗaukar ƙarin hannu. Har yanzu na'ura tana tuntuɓe idan ta ji Sakkwatanci ko hirar da aka naɗa cikin hayaniyar kasuwa, sai dai ban ga hikimar mutum ya ɗora rayuwarsa a kan wannan tuntuɓen ba.

Inda kuɗin ya rage shi ne wurin gane amsar da ba gaskiya ba ce. Magidancin da ya ga an zo da takarda ana tambayar buhu nawa ya noma zai rage adadin, saboda yana zaton jerin masu karɓar tallafi ake haɗawa. Matar da ke cikin kulle ba za ta yi wa baƙon namiji bayanin haihuwarta ba, kuma idan ba a fara gaida mai unguwa ba, ƙofofin ma ba za su buɗe ba. Na'ura tana karɓar alƙaluman nan yadda aka ba ta, ta fitar da jadawali mai kyan gani a kansu. Waɗanda na ga albashinsu ya ɗore su ne masu wannan idon da suka ƙara da ƙididdiga, suka iya tsara tambayoyi a KoboToolbox, manhajar tattara amsoshin bincike, da tace sakamako a SPSS, manhajar nazarin alƙaluma, har aka ba su kujerar sa ido da tantance ayyuka.

Duk da haka, ba na'ura ce ta fi girgiza wannan kasuwa ba. Dakatar da tallafin USAID, hukumar ba da agaji a ƙasashen waje ta Amurka, da gwamnatin ƙasar ta yi a Janairun 2025 ya tsayar da ayyuka da dama a Arewa maso Gabas cikin 'yan makonni, kuma takardar sallamar ta iske ƙwararru da sababbin shiga a rana ɗaya.