Na je duba dam, na ɓige da ƙirga gidaje

Bayan dam ɗin Alau ya ɓalle a watan Satumba na 2024, ruwa ya shanye unguwannin Maiduguri, duk mai dam a hannunsa ya shiga taitayinsa. A cikin wannan yanayi aka ba ɗan kamfanin da nake aiki a Gombe aikin duba wani dam da aka gina bangonsa da ƙasa, wanda ke ba wani gari ruwan famfo. Ba zan kama sunansa ba. Ba tsaran dam ɗin Dadin Kowa ba ne, wanda aka kammala a 1984 a kan Kogin Gongola. Wannan ƙarami ne, a ƙafa za ka gama da bangonsa.

Da rani muka je, ruwa ya ja baya sosai. Na bi saman bangon, ban ga tsaga ba, ban ga inda ya lotsa ba, duwatsun da aka jera don kare shi daga igiyar ruwa suna nan daram. Da na zo gurbin matakin haɗari a takarda, inda ake zaɓar babba, matsakaici ko ƙarami, sai na dangwala "ƙarami" ina jin kaina.

Ogana ya karɓa ya duba, ya miƙo mini. "Ka sauka kwarin da ke ƙasan dam ɗin?"

"A'a, ranka ya daɗe, ai dam ɗin lafiyarsa ƙalau."

"Ban tambaye ka lafiyarsa ba. In ya fashe da ƙarfe biyun dare, wa zai ci?"

Kunya ta rufe ni, don an koya mana wannan a makaranta, na haddace na zuba a jarrabawa na manta. Matakin haɗari ba ya auna ƙarfin dam, abin da ke ƙarƙashinsa yake aunawa. Sabon dam garau, in akwai gidaje a hanyar ruwansa, babban haɗari ne. Lafiyar ginin kuwa shafinta daban.

Sai na sauka. Tsohuwar taswirar da muke riƙe da ita gonaki kawai ta nuna a kwarin. Abin da na tarar: gidaje har bakin rafi, masu buga bulo, 'yan lambu da injinansu, da wata Islamiyya da yara ke ta karatu a ciki. Na fara ƙirga rufin kwano, da na ga Islamiyyar sai na daina. Rai ɗaya ma ya isa a canza abin da na rubuta.

A hanyar dawowa Baba maigadi ya ja ni gindin bangon ta baya, ya nuna mini wani wuri. Ko'ina ciyawa ta ƙone, amma nan kore shar, ƙasa na lumewa ƙarƙashin takalmi. Ni da na bi ta sama ban gan shi ba.

"Baba, tun yaushe yake haka?"

"Yaro, ai ya daɗe. Awaki ne suka fara nuna mini."

Oga ya sa na ɗebi ruwan a gorar roba, muka ajiye ta a kan bonet. Duk dam na ƙasa yana ɗan tsatsafo, wannan ba abin tayar da hankali ba ne. Abin tsoro shi ne ruwan ya fito da laka, don alama ce yana sassaƙe cikin bangon yana haƙa wa kansa hanya, ko kuma yawansa ya riƙa ƙaruwa alhali ruwan dam ɗin bai ƙaru ba. Muka jira. Babu abin da ya kwanta a gindin gorar. Na sauke ajiyar zuciya, amma duk da haka muka rubuta a riƙa auna shi kowane mako, a cire bishiyoyin da suka tsiro a jikin bangon, a kashe suri biyu na gara, a kwashe yashin da ya taru a mafitar rarar ruwa kafin damina.

Kafin mu tashi na tambayi Baba wa zai kira in ya ga ruwa na neman haure bango cikin dare. Ya lalubo wata lamba a wayarsa, muka buga, a kashe. Muka gangara wajen mai unguwa, na karɓi lambarsa da ta ladanin masallacin kwarin, tunda shi ke da lasifika, na sa wa Baba su a waya da hannuna. Sannan na zauna a bayan mota na soke "ƙarami", na rubuta "babba".